Daga Kalankuwa Zuwa Dogon Zango

Duk wanda ya taɓa haɗa yara tashe a lungunan Limawa da ke Dutse ya san cewa daren farko ba shi da wuya. Azumi na cika goma, kowa ɗoki yake yi: wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya saiwoyi da layu ya zama Jatau mai magani, 'yan mata su shirya Mairama da Daudu. Sai an kwana biyu ake ganin ɓaraka. Yaron da aka bar wa amshi kaɗai, ko riƙon jakar hatsi, shi ne yake fara cewa an aike shi a gida. Kafin Sallah, tawagar ta koma rabi.

Wannan ita ce tsohuwar matsalar masu harkar wasan kwaikwayo: ta yaya za a riƙe mutum cikin labarin da ba a rana ɗaya zai ƙare ba?

Mutanen karkara sun daɗe da gano bakin zaren. A bikin kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan kafa hukumarsu ta 'yan kwanaki, su naɗa gwamna da alƙali da likita da 'yan doka. Hikimar tsarin ita ce ba a ba mutum muƙami babu aiki. Ɗan doka yana da wanda zai kamo, alƙali yana da tarar da zai yanka, wanda aka kama kuma yana da bakin kare kansa a gaban jama'a. Kowa ya san idan bai zo dandali ba, akwai abin da zai tsaya cik saboda shi.

Da wasa ya shiga rediyo da talabijin, wannan gadon ya bi shi. A shekarun 1970 da 1980, taurarin da ake ji da su a Arewa irin su Ƙasimu Yero ne da Usman Baba Pategi. Yawancin ƙungiyoyin wasa na wancan zamani ba sa rubuta magana kalma-kalma. Mai ba da umarni zai zayyana inda labari ya dosa, a raba matsayi, 'yan wasa su zuba zance daga bakinsu. Pategi tsohon soja ne, don haka tauraronsa Samanja Mazan Fama, da Hausarsa ta bariki da tsawarsa, daga jikinsa ya fito. Mutumin da ya gina tauraronsa da hannunsa ba ya gajiya da shi da wuri, kuma masu kallo suna gane hakan ko ba a faɗa musu ba.

Zuwan fim ɗin bidiyo, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ya kwantar da matsalar na wani lokaci. A shiga lokeshan, a gama cikin 'yan kwanaki, kowa ya kama gabansa.

Matsalar ta sake farkawa ne da tashar Arewa24 ta fara Daɗin Kowa a 2015. Marubutan shirin sun yi dabara mai kyau: maimakon jarumi ɗaya da jaruma ɗaya, sai suka gina gari guda mai gidaje da yawa. Yau ana gidan Kamaye da Adama, gobe ana tsangayar Malam Nata'ala ko teburin Ɗantani mai shayi. Kowane gida da tasa buƙatar, kuma buƙatun suna karo da juna a kan titi ɗaya. Idan labarin wani gida ya lafa, ba a jefar da mutanensa, sai a cusa su cikin rigimar maƙwabta. Tsarin kalankuwa ke nan a gaban kyamara.

A 2020, shekarar kullen korona, dogon zango ya mamaye kasuwa. Izzar So na Lawan Ahmad ya kafu a YouTube, Labarina na Aminu Saira ya riƙe mutane mako-mako. A nan ne aka ga tsadar abin a fili. Nuhu Abdullahi ya bar Labarina, aka rufe babin tauraronsa Mahmud da mutuwa. A 2022 Nafisa Abdullahi ta ajiye matsayin Sumayya, wadda labarin gaba ɗaya a kanta yake tafiya, aka kawo Fati Washa ta ɗora. Daga bisani ma shirin ya buɗe sabon labari da sababbin fuskoki. Ga kuma abin da kowane furodusa yake kwana da shi a rai: jaruma na iya yin aure a tsakiyar zango ta bar fim, marubuci ya kwana yana laluben tafiya ko rashin lafiyar da zai fake da ita.

Ba duk ficewa ce laifin labari ba. Akwai kuɗi, akwai lokaci, akwai saɓani. Amma wanda ya zauna a ɗakin rubutu ya san alamar da ke fara bayyana. Ɗan wasa zai karɓi takarda ya duba, ya ga fitowarsa ta wannan zango duk sallama ce da kawo saƙo. Daga ranar zai fara makara. A cikin Labarina ɗin dai, dubi Baba Ɗan Audu na Rabi'u Rikadawa: ba shi ne jarumi ba, amma ko yaushe akwai abin da yake farauta, don haka duk inda ya shiga sai wurin ya motsa.

Can ƙasashen waje ma darasin bai sauya ba. A wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, mutum ɗaya ne ke jan ragamar labari, sauran kowa ya ɗauki tauraronsa yana yanke masa shawara. A 1978 aka ɗora irin wannan wasa a kan kwamfuta a Jami'ar Essex da ke Ingila, daga nan ya bazu a intanet. Wasan yakan mutu ne idan mai jan ragama ya riga ya yanke ƙarshen labari shi kaɗai, sauran suka koma 'yan rakiya.

Matasan Dutse da ke son gwada irin wannan a zaurukan WhatsApp suna da makaranta a kusa. Marubutan littattafan intanet, galibinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi, su karanta sharhin masu bibiya, wani lokaci su ƙara wa tauraron da aka fi so fili a shafi na gaba. Mai haɗa wasa a zaure ya fi su sauƙi, domin taurarinsa mutane ne masu iya ba shi amsa nan take. Ya kamata tun ranar farko ya tambayi kowa abin da tauraronsa yake nema da wanda ya tare masa hanya, sannan ya tabbatar ba a rufe mako ba tare da an ɗora wa kowannensu wani hukunci da zai yanke ba, ko da na wanda za a aura ne ko gonar da za a sayar.