Faifan Farko Na Led Zeppelin Da Rigimar Kayan Aro

A shekarar 1968 ne samari huɗu 'yan Ingila, wato Jimmy Page da Robert Plant da John Paul Jones da John Bonham, suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Led Zeppelin. Cikin kimanin awa 36 suka naɗi faifansu na farko a sutudiyon Olympic da ke Landan, kuɗin aikin bai kai fam 2,000 ba. Kamfanin Atlantic ya fitar da shi a Janairun 1969.

Mujallar Rolling Stone ta kushe shi, matasa kuwa suka yi rububin saye. Kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka aka ɗauko, aka ƙara masa rugugin ganga da kukan jita, makaɗan rok na baya suka bi sahu.

Inda gizo ke saƙar, 'yan'uwa marubuta, shi ne sunayen da ke jikin faifan. Waƙoƙi biyu na Willie Dixon an ambaci mai su. "Babe I'm Gonna Leave You" kuwa cewa aka yi ta gargajiya ce, alhali Anne Bredon ce ta tsara ta, sai a 1990 aka sa sunanta. Ta "Dazed and Confused" ta fi muni a ganinmu. Jake Holmes ya fitar da ita tun 1967, aka sauya mata baitoci, aka rubuta sunan Page shi kaɗai. Ba mu musun gwanintar Page, amma kayan aro ba ya rufe katara. Holmes ya kai ƙara a 2010, aka sasanta a wajen kotu, sannan aka fara rubuta cewa daga gare shi aka samo waƙar.