2.4 Tarihin Fassarar Sunayen Takardun Shaidar Sana'a a Kano

Tun kafin zuwan Turawa a shekarar 1903, Fagge zango ce ta fatake masu shigowa Kano daga Arewa. Bayan kafa Sabon Gari, yankin da Titin Ibrahim Taiwo ya ratsa a yau ya zama mahaɗar masu sana'a daga wurare daban-daban. A wancan lokaci shaidar gwanintar tela ko maƙeri ita ce bakin maigidan da ya yaye shi. Mulkin mallaka ne ya kawo shaidar takarda, kuma kowace ƙasa ta gaji tsarin uwargijiyarta.

A Nijeriya an daɗe ana amfani da jarrabawar City and Guilds ta Landan, wadda aka kafa cibiyarta a 1878. A 1977 aka kafa hukumar NBTE a Kaduna domin kula da ilimin fasaha, wato difloma ta ND da babbar difloma ta HND. Ita kuwa Jamhuriyar Nijar ta gaji takardun Faransa, kamar CAP da BTS. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta sauƙaƙa zirga-zirga, saboda haka buƙatar juya waɗannan sunaye zuwa Ingilishi ta ƙaru.

A nan ne matsala ta taso. BTS karatun shekara 2 ne bayan kammala sakandare, shi ya sa akan fassara ta da HND, domin a Ingila ita ma HND shekara 2 ce. Amma a Nijeriya sai ɗalibi ya yi shekara 2 a ND, da shekara 1 ta sanin makamar aiki, sannan ya ƙara 2 kafin ya sami HND. Ke nan fassarar da ta dace a Landan, a Kano ta ɗaukaka takarda fiye da matsayinta, har a iya zargin mai ita da ha'inci. Irin wannan tarko yana cikin sunan Técnico Superior da dokar ilimi ta Sifen ta 1990 ta samar.

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa aikin mai fassara shi ne ya bar suna yadda yake, ya bayyana shekarun karatu da sharaɗin shiga. Daidaita daraja kuwa hurumin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ne.