Ina Za a Kai Shi? Tarihin Jinyar Mashayi Daga Madina Zuwa Adamawa

  

Hukuncin giya da duk abin da ke gusar da hankali ba ya buƙatar dogon bayani a wurinmu. Ɗalibin da ya sauke Risala ya san haramun ne, ya san haddinsa bulala tamanin ne a mazhabar Imamu Malik. Tambayar da iyaye ke kawo wa malamai a zaure bayan sallar lisha daban ce. Yaro ya riga ya faɗa. Ya dafa Alƙur'ani sau uku ya rantse ya bari, sau uku yana komawa. Gidan kuma yana Belel ko Martap ko Galim, inda babu likitan ƙwaƙwalwa. To, ina za a kai shi? Kafin mu amsa, bari mu duba yadda magabata suka yi da irin wannan mutum, da yadda abin ya iso mana nan Adamawa.

Yadda aka yi a Madina

Larabawa mashaya ne na gaske kafin Musulunci, kuma Allah Maɗaukakin Sarki bai yanke musu abin dare ɗaya ba. Ayar Suratul Baƙara ta fara nuna cewa zunubin giya ya rinjayi amfaninta. Ayar Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Da yake salloli biyar ne a warwatse cikin yini, lokacin sha ya ƙuntata, jiki ya fara sabawa da ragi. Daga baya ayar Ma'ida ta sauka da hani yankakke, bayan yaƙin Uhudu. Anas ɗan Malik yana shayar da baƙi a gidan Abu Ɗalha aka ji mai shela, nan take aka tuntsurar da tuluna, giya ta kwarara a lungunan Madina. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta bayyana hikimar wannan jinkiri: da hani aka fara da shi tun zukata ba su nutsu da imani ba, da mutane sun ƙi.

Duk da haka an sami waɗanda suka kasa. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, mai yawan ba Manzon Allah (SAW) dariya, wanda aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda sha. Wata rana wani ya gaji ya tsine masa. Annabi (SAW) ya hana tsinuwar, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwaya ya hana mutane su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Muslim kuma ya ruwaito cewa da Ɗariƙu ɗan Suwaidu ya ce yana haɗa giya ne don magani, an sanar da shi cewa ita kanta cuta ce.

Akwai kuma Abu Mihjan mutumin Saƙifa, jarumi mawaƙi, wanda bulala ba ta hana shi sha ba a zamanin Sayyadina Umar. A yaƙin Ƙadisiyya Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya sa masa mari. Ya roƙi matar Sa'adu ta kwance shi, da alkawarin zai dawo in ya rayu. Ta yarda da shi, ya hau dokin Sa'adu ya yi yaƙi, da dare ya dawo ya mayar da ƙafarsa cikin mari. Da Sa'adu ya ji, ya sake shi, ya ce ba zai ƙara yi masa bulala ba, shi kuma ya ce ba zai ƙara sha ba. Ku lura, 'yan'uwa: ƙarfen yana ƙafarsa bai tuba ba. Ya tuba ne ranar da aka amince masa, aka mayar masa da mutuncinsa.

Asibitocin waƙafi

Da daula ta yi ƙarfi, Musulmi suka gina asibitoci da ake kira bimaristan. Nuruddini Zangi ya gina nasa a Dimashƙa a 1154. Sarki Ƙalawun ya gina wani a Alƙahira a 1284, da ɓangaren maza da na mata, da ɗakunan masu taɓin hankali. Kuɗin abinci da magani da albashin likitoci daga waƙafi yake fitowa, wato gonaki da shaguna da masu hali suka tsayar saboda Allah. Ke nan magabata sun ɗauki ciwon hankali a matsayin ciwon da ake kai wa likita, kuma sun ɗauki nauyin jinyar talaka a matsayin aikin jama'a.

Katangar da ta tsare Adamawa

Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa Yola a 1841. Ardo Njobdi ya kafa sarautar Ngawundere a shekarun 1830, a ƙasar Mbum, fataken Hausa suka biyo baya da hajarsu da allunansu. Maƙwabta da ba Musulmi ba suna dafa bilbil da dawa, amma aiki ne na kwanaki, ba ta daɗewa ta lalace, kuma an fi shan ta a biki da gayya da ranar kasuwa. Ɗan Musulmi a tsohon gari yana da abubuwa uku da ke tsare shi: alƙali, da idon unguwa, da wuyar samun abin.

Turawa ma da farko sun bar katangar. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da mutanensu ba su saba da ita ba, kuma Ingila ta yi aiki da wannan a Arewacin Najeriya. Jamus ta ci Ngawundere a 1901, Faransa ta karɓe ta a yaƙin duniya na ɗaya. Daga nan abubuwa suka fara sauyawa. An kafa kamfanin giya na Brasseries du Cameroun a Duwala a 1948, daga baya ya buɗe masana'anta a Garwa. Jirgin ƙasa ya iso Ngawundere a 1974, gari ya zama mahaɗar manyan motoci masu zuwa Cadi. Sai ga arki, sai ga wiski na leda da yaro zai saya da canjin aike ya ɓoye a aljihu. Gwamnati ta fitar da dokar hana wannan leda a 2014, amma kowa na ganin ɓawonta a kwata har gobe.

A duk wannan zamani tsarinmu na hani ne da horo. Ya yi amfani wajen tsare wanda bai fara ba. Wanda jikinsa ya riga ya kamu kuwa, ba mu tanadar masa wuri ba.

Ƙwayar da ba ta wari

Abin da ya fi ratsa katangar shi ne tramol. Wani kamfani a Jamus ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977 a matsayin maganin ciwo, kuma dangin opiyom ne ta fuskar aiki. Ba ya wari, ba shi da kwalba, sunansa magani. Ɗan moto da manomi da mai dako suna sha don jiki ya jure wahala, su yi alwala su shiga sahu ba wanda ya gane. Likita yana rubuta mai awo 50 ko 100, kuma ba ya wuce 400 a yini. Na kan tebur kuwa akwai mai 200 da mai 225, wani ya haɗiye da yawa lokaci guda.

Ga abin da zai nuna muku zurfin lamarin. A 2013 wasu masana daga Faransa suka sanar da cewa sun sami tramol a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, suka ɗauka itacen ne ke yin sa. A 2014 masana daga jami'ar Dortmund ta Jamus suka sake bincike, suka same shi a ƙasa da ruwa da saiwar wasu itatuwa a jihar Arewa Mai Nisa, ba su same shi a tafashiyar kudu ba. Bayaninsu shi ne, manoma na sha suna kuma ba shanun noma, ƙwayar na fita ta fitsari da kashi har itace ya tsotsa. A Najeriya, binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramol suke sha. A watan Mayu na shekarar aka hana yin maganin tari mai kodin a can. Iyakarmu da su kuwa kowa ya san yadda take.

Gidan mari da ƙauyen Aro

Da iyaye suka rasa wurin zuwa, sai gidajen mari suka cike gurbin. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fitar da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. A watan Oktoba aka buɗe wani a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, gajiya ce da rashin mafita. Amma haddi aikin hukuma ne bayan shari'a, ba a bar wa kowane mai gida ba, kuma babu littafin fiƙihu da ya halatta ɗaure mutum shekara da shekaru cikin yunwa. Wanda aka ɗaure ya daina sha ne don bai samu ba. Ran da aka kwance shi, sha'awar na nan, ga ƙiyayyar iyaye ta ƙaru.

Akwai wata hanya da aka gwada a ƙasar Yarbawa. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a asibitin Aro da ke Abeokuta. Masu ciwon hankali suna kwana a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, da rana su je asibiti a ba su magani. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya da mutane suka yarda da su. Tsarin ya yi suna a duniya saboda ya nuna cewa likita na da rabonsa, dangi da gari na da nasu. Wannan ya fi kama da halin ƙananan garuruwanmu.

Hanyar da ke akwai yau

Kamaru ta kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da ƙwaya a 1992, ta yi dokar ƙwayoyi a 1997. Shekaru da dama jinyar ƙwaƙwalwa tana asibitin Jamot a Yawunde da Lakintini a Duwala, tsakaninmu da Yawunde kuwa kilomita 622 ne a jirgi. Daga baya ma'aikatar lafiya ta buɗe cibiyoyin jinyar masu shaye-shaye da ake kira CSAPA a cikin asibitocin gwamnati na jihohi. Ga mutumin ƙauye, tsani ne ake hawa: ƙaramin asibitin garinku, sai asibitin gunduma kamar na Tibati ko Maiganga ko Banyo ko Tinyer, sai babban asibitin jiha a Ngawundere ko Garwa, inda za a tambayi sashen ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. A karɓi takardar turawa daga ƙasa, tana rage yawo da ɓarnar kuɗi.

In an je, a faɗa wa likita gaskiya: me yake sha, nawa a yini, tun yaushe. A riƙe ɓawon ƙwayar a nuna. Waɗansu abubuwa kuma wajibi ne kowane gida ya sani.

Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, har hannunsa na rawa da safe, kada a kulle shi a ɗaki a yanke masa lokaci guda. Cikin kwana biyu zuwa huɗu yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya, ya ruɗe, ya riƙa ganin abin da babu, kuma ana mutuwa a haka. Mutane sai su ce aljanu ne. Wannan matakin na asibiti ne, akwai maganin da ke sauƙaƙa shi. Mai niyyar bari da shigowar azumi, ya ga likita tun Sha'aban.

Mai tramol in ya bari zai yi zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, mafi tsananinsa a makon farko. Likita na iya rage masa sannu a hankali. In ya faɗi yana shure-shure, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki ko a ɗura masa ruwa. In numfashinsa ya yi ƙasa ba ya farkawa, a garzaya da shi asibiti. Wanda ya yi wata guda bai sha ba, in ya koma ya sha adadinsa na da, zai iya kashe shi, don jiki ya manta.

Rabon masallaci

Wanke jini kwanaki ne. Sauran jinyar watanni ne, kuma a unguwa ake yin ta. A nan ƙungiyarmu ke da abin yi. A ware wani abu a asusun masallaci don kuɗin mota da magani ga gidan da ba shi da hali, faƙiri marar lafiya yana cikin masu haƙƙin zakka. A sami dattawa biyu masu riƙe sirri da iyaye za su iya samu ba tare da gari ya ji ba. Wanda ya dawo daga asibiti a haɗa shi da abokin zama na kirki, a samar masa abin yi, domin zaman banza da tsofaffin abokai su ke mayar da mutum. Masu ba yara babur haya su duba balas ɗin da suke ɗora musu, kada ya zama shi ne ke tura su ga ƙwaya. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a su ci gaba tare da maganin likita, babu wanda ke kore wani.

In ya sake zamewa, a sake kai shi, kamar yadda aka sha kawo Abdullahi gaban Manzon Allah (SAW) ba a tsine masa ba. Ku kuma ɗalibai, in kun ga abokinku ya fara, ku sanar da babban da zai rufa masa asiri tun abin bai yi nisa ba.

Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba iyaye haƙuri da ladan jinya. Allah ne Mafi sani.