Lifidin Ƙarfe a Foland, 1939

A ranar 1 ga Satumba, 1939, Jamus ta auka wa Foland da tankokin yaƙi sama da 2,000, akasarinsu ƙanana. Panzer I mutum biyu take ɗauka, nauyinta bai kai tan 6 ba, makaminta mashinga biyu kawai. Panzer II kuwa igwarta milimita 20 ce. Foland tana da 7TP mai igwar Bofors ta milimita 37, wadda ke huda su duka, sai dai yawanta bai kai 200 ba.

An daɗe ana yaɗa cewa baraden Foland sun sukwano wa tankoki da māsu. Farfaganda ce. A Mokra, a wannan rana, baraden sauka suka yi daga dawakai, suka tare runduna ta 4 ta Panzer da igwogi, jirgin ƙasa mai sulke yana dafa musu.

To, me ya kayar da Foland? A ganina, amsar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san 'yan lifidin da ke hawan salla a Gumel. Lifidi yana tare kibiya, amma nauyinsa yana gajiyar da doki, shi ya sa a da ba a tura su daga sai da maharba da dakaru. Jamus ta dunƙule tankokinta wuri guda, ta haɗa su da rediyo da jiragen sama. Foland ta yayyafa nata a tsakanin rundunoni, alhali tsinken tsintsiya ɗaya ba ya shara.