Ina Za A Kwana? Tarihin Motar Haya Mai Gado A Ciki



Da yawanmu mun taɓa cin karo da irin hoton nan a waya: matasa biyu sun buɗe ƙofar bayan wata ƙaramar bas, ga katifa a shimfiɗe, ga butar shayi a kan ɗan rishon gas, a gabansu kuma teku ne ko dutse mai ƙanƙara. Motar ba tasu ba ce. Hayarta suka ɗauko ta mako biyu ko uku, su ke tuƙa kansu, inda dare ya riske su nan ne masauki. A Ostireliya da Niyu Zilan wannan haya babbar sana'a ce, domin ita ce hanyar da baƙo mai ƙaramin ƙarfi ke bi ya zaga ƙasa ba tare da ya biya kuɗin otal ba. A nan za mu kira ta motar kwana. Da muka bi tarihinta, sai muka ga tambaya ɗaya ce ke dawowa a kowane zamani: idan dare ya yi, a filin wa za a tsaya, kuma wa zai share wurin da safe?

Abin bai fara da talakawa ba. Tun da daɗewa akwai masu zama cikin keken doki a Turai, kamar masu yawon wasanni kasuwa-kasuwa da al'ummar Romani, amma su rayuwarsu ce ta zo da haka. Wanda aka fi ambata cewa shi ya fara sa a ƙera masa irin wannan keke don shaƙatawa kawai shi ne William Gordon Stables, mutumin Sikotilan, tsohon likitan sojan ruwan Birtaniya wanda ya koma rubuta littattafan yara. A 1885 wani kamfani a Bristol ya ƙera masa ɗaki sukutum a kan ƙafafu huɗu, ya raɗa masa suna Wanderer, wato mai yawo. Dawakai biyu ke jan sa. Ya tashi daga kudancin Ingila har Inverness a arewacin Sikotilan, tare da mai kora masa dawaki, da baransa, da karensa, da akunsa. Matsalar wurin kwana ba ta dame shi sosai ba, don mutum mai irin wannan tufafi da wannan rakiya ba kasafai mai gona ke hana shi fili ba. Ya dawo ya rubuta littafi a kan tafiyar, kuma a 1907 masu sha'awar abin suka kafa ƙungiyar Caravan Club a Birtaniya.

A Amurka ne abin ya fara sauka ƙasa. Ford ya fito da motarsa Model T a 1908, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1920 farashinta ya sauka ƙasa da dala 300. Ma'aikaci da manomi suka mallaki mota, suka riƙa ɗaure tanti da tukwane a gefenta, su gudu daga sanyin arewa zuwa jihar Florida. A 1919, a wani fili da ke birnin Tampa, suka kafa ƙungiya mai suna Tin Can Tourists, wato 'yan yawon gwangwani, saboda abincin gwangwani suka dogara da shi. Sunan ma ya nuna yadda ake kallonsu: baƙi ne da ba sa kama ɗaki, ba sa sayen abinci a gari. Ba a yi shekaru da yawa ba mazauna unguwar suka kai kuka, aka rufe musu filin, suka nemi wani gari. Mu riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi bayan shekara kusan casa'in a wata nahiyar.

Motar da ta ba wa abin siffar da muka sani a yau daga Jamus ta fito. A 1947 wani dillalin motoci ɗan Holan, Ben Pon, ya ziyarci masana'antar Volkswagen da ke Wolfsburg, ya ga wata 'yar motar da ma'aikata suka harhaɗa don jigilar kaya a cikin masana'antar, sai ya zana akwati mai ƙafa huɗu a littafinsa, direba a can gaba, inji a can baya. A watan Maris na 1950 aka fara ƙera ta. Ita ce Kombi, wadda ta zama danfon Legas na farko-farko. A 1951 kamfanin Westfalia ya fara yi mata kayan katako, kabad da teburi da benci mai miƙewa ya zama gado, waɗanda ake iya sakawa ranar hutu a cire ranar aiki. Injinta iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba, kuma ƙaramin makanike ma yana iya kwance shi. Sai a ƙarshen 2013 aka daina ƙera wannan samfuri, a Birazil.

Da tsofaffin Kombi da ire-irensu suka yi araha, matasan Turai suka kama dogayen hanyoyi a shekarun 1960 da 1970. Ɗaya ta tashi daga Landan ta bi Istanbul, Tehran, Kabul, Delhi har Kathmandu. A wannan hanya ne Tony da Maureen Wheeler suka tuƙa wata tsohuwar ƙaramar mota a 1972, suka sayar da ita a Afganistan, suka ƙarasa Ostireliya aljihu wayam. Bayanan da suka rubuta na inda ake kwana da araha su suka zama littafin farko na kamfanin Lonely Planet a 1973. Juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyat Afganistan, duk a 1979, suka toshe hanyar. Ɗaya hanyar kuwa ta ƙofar gidanmu ta biyo: daga Aljeriya ta Tamanrasset, a tsallako iyaka a Assamaka, sai Arlit, Agadas, Damagaram, a sauka Kano, inda suke kwana a sansanin baƙi na titin Bompai. Da yawansu a Nijar ko ƙasashen maƙwabta suke sayar da motar su sami kuɗin jirgi. Rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa a farkon shekarun 1990 suka kashe wannan zirga-zirga.

Har zuwa nan, saye ake yi a sayar, ba haya ba. Haka ma abin ya fara a Ostireliya. A 1975 ƙasar ta ɓullo da bizar da ke ba matasan Birtaniya da Ailan da Kanada damar yin hutun shekara guda suna ɗan taɓa aiki, daga baya aka ƙara wasu ƙasashe. Ƙasa ce mai faɗi, daga Sydney zuwa Cairns kaɗai ya haura kilomita 2,000. Matashi sai ya sayi tsohuwar mota, ya jefa katifa a baya, ya zaga, idan lokacin komawa ya yi ya kai ta kasuwar motoci ta unguwar Kings Cross ya zauna jiran mai saye. Wanda jirginsa zai tashi jibi kuwa ba shi da bakin ciniki, abin da aka taya shi zai karɓa. Kamfanonin hayar manyan motocin kwana irin su Maui da Britz suna nan, amma farashinsu na masu iyali da 'yan fansho ne.

Wannan giɓi ne hayar araha ta cike. A 2000 aka buɗe Wicked Campers a Brisbane da tsofaffin bas-bas da aka lafta wa fenti da zane-zane. A 2001 'yan uwa biyu, Tim da Dan Alpe, suka fara kamfanin da ya zama Jucy a Auckland, mai motoci kore da shunayya. Sirrin arahar a motar yake. Binciken lafiyar mota a Japan yana da tsada, don haka mutane kan rabu da motarsu tun da sauran ƙarfinta, Niyu Zilan kuma ta sassauta shigo da motocin hannu tun ƙarshen shekarun 1980. Toyota HiAce ɗin nan da muke kira Hayis, muke cusa mutum goma sha wani abu a ciki, ita ce ake cire wa kujeru a sa gado da ɗan firij. Sai dai araha ba ta ado. Bayan kuɗin kullum akwai ajiyar da ake riƙewa ko da za a yi haɗari, akwai kuɗin ajiye mota a wani gari daban, kuma galibi inshora ba ta ɗaukar ɓarnar da aka yi a hanyar da ba kwalta. Akwai kuma garaɓasa: idan motoci suka taru a gari ɗaya, kamfani kan ba da haya a kan dala ɗaya a rana ga wanda zai mayar da mota inda ake buƙatarta cikin 'yan kwanaki.

Lissafin baƙo dai ya tsaya ne a kan kwana kyauta, kuma yawancin ƙananan motocin nan ba su da makewayi. A 2019 baƙi kusan miliyan huɗu suka shiga Niyu Zilan, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan biyar ba a lokacin. Ƙananan garuruwan bakin tafki da bakin teku suka riƙa wayar gari da shara da bayan gida a cikin ciyawa, kuma harajin 'yan gari ake kwasa a share. Kukan Tampa ne ya dawo. Tun a 2011, ana shirin gasar kofin duniya ta wasan zari-ruga, majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi ikon hana kwana a wasu wurare da cin tarar dala 200. A 2023 aka tsaurara: motar da za ta kwana a yawancin filayen hukuma sai tana da makewayi kafaffe, tarar kuma ta koma dala 400. A Ostireliya kuwa kalaman batsa da ake rubutawa a jikin wasu motocin suka jawo fushi, har jihar Queensland ta yi doka a 2017 ta soke rajistar motar da ta ƙi goge irin wannan rubutu. Wani abin lura gare mu shi ne, bizar hutu da aikin nan da ta ciyar da sana'ar gaba, babu Najeriya ko Nijar ko Ghana a jerin ƙasashen da ake ba wa.

Me ya kawo wannan zance cikin zauren marubuta? Saboda marubuta ne suka tallata wannan rayuwa tun daga Stables, kuma a wurin kwanan nan ne alƙalami ya fi zamewa. A 1960 John Steinbeck ya zaga Amurka da karensa a wata a-kori-kura mai ɗaki a baya, ya fitar da littafin Travels with Charley a 1962, shekarar da ya sami kyautar Nobel. Bayan shekara hamsin wani ɗan jarida, Bill Steigerwald, ya bi sawunsa, ya gwada wasiƙunsa da abin da ke cikin littafin, ya gano cewa darare da yawa a otal ya yi su, matarsa ma tana tare da shi a wani ɓangare mai tsawo na tafiyar. Littafin bai daina daɗi ba, amma yanzu da taka-tsantsan ake karanta shi.

Mu ma muna da gadon rubutun tafiya. Abubakar Imam ya bar mana Tafiya Mabuɗin Ilimi, Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Amma a labaranmu na yanzu sai mu ɗauki jarumi mu jefa shi ƙasar waje hutu, ba biza, ba lissafin aljihu, ba mai sharar ɗaki. Mai karatu yana ganewa ko bai faɗa ba.

Aikin wannan mako ke nan: kowa ya rubuto mana labarin dare ɗaya da ya taɓa yi a hanya, ko a tasha ne, ko a masallacin wani ƙauye da mota ta lalace. A faɗi inda aka kwanta, da wanda ya ba da tabarma, da wanda ya share wurin bayan an tashi. Kada ya wuce kalma ɗari biyar. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.