Daular Sinnar: yadda raunin sarakuna ya jawo juyin mulkin 1762 da rushewar 1821

Daular Sinnar, wadda mutanen Sudan ke kira Saltana Zarka, daular Musulunci ce da 'yan ƙabilar Funj suka kafa a 1504 ƙarƙashin Amara Dunkas. Fadarta na birnin Sinnar, a bakin kogin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu. Garuruwan Maiwurno, Singa da Abu Hujar, inda Hausawa da Fulani da yawa ke zaune a yau, duk suna cikin ƙasar da ta mulka. Ta yi shekara 317, amma a shekaru 59 na ƙarshe sarakunanta suna ne kawai gare su, iko na hannun wazirai.

Inda ƙarfin sarki yake

Sarkin Sinnar, wanda ake kira Mak, yana dogara ne da abubuwa uku. Na farko, manyan Funj masu riƙe da ƙasa, waɗanda ke kawo haraji da dawakin yaƙi. Na biyu, sarakunan da ke ƙarƙashinsa, musamman gidan Abdallab da ke riƙe masa arewa. Na uku, fataucin zinariya da bayi da hauren giwa zuwa Masar da tashar Suwakin, wanda sarki ne babban mai iko da shi.

Sarautar ba ta sai-yadda-na-ga-dama ba ce, domin majalisar manya na iya tuɓe sarki. James Bruce, matafiyi ɗan Sikotilan da ya zauna a Sinnar a 1772, ya rubuta cewa akwai wani mai muƙami a fada da aka ɗora wa aikin kashe sarki idan majalisa ta yanke masa hukunci. Don rage wannan dogaro da manya, Badi na Biyu, wanda ya rasu a 1681, ya tara rundunar bayi daga duwatsun Nuba ya zaunar da su a ƙauyukan da ke kewaye da birni. Rundunar ta ƙara wa sarki ƙarfi, ta kuma shuka rashin yarda tsakaninsa da manyan ƙasa. A 1720 manyan suka tuɓe Unsa na Uku bisa zargin sharholiya, sarauta ta koma hannun Nul, wanda ba ɗan tsohon gidan mulki ba ne.

Badi Abu Shuluk

Ɗan Nul, Badi na Huɗu, mai laƙabi Abu Shuluk, ya hau mulki a 1724. Ya fara da sa'a. A 1744 rundunarsa ta fatattaki Sarkin Habasha Iyasu na Biyu kusa da kogin Dinder, sunan Sinnar ya ɗaukaka.

Tarihin sarakunan Funj da Ahmad ɗan Alhaji Abu Ali, wanda aka sani da Katibul Shuna, ya rubuta ya nuna cewa abubuwa sun lalace bayan mutuwar wazirinsa Doka. Sarki ya daina shawara, ya ƙwace gonakin tsofaffin gidaje ya raba wa na kusa da shi, ya ɗora bayinsa da baƙi a kan muƙaman da manyan Funj ke gāda, 'ya'yansa kuma suka riƙa cin zalin talakawa ba mai tsawata musu. A ido sarki ya ƙara ƙarfi, alhali ya raba kansa da mutanen da ke riƙe masa gadon sarauta.

A lokaci guda ya tura babbar runduna yamma, zuwa Kordofan, don yaƙar Musabba'at. Bayan shan kashi a farko, wani sarkin yaƙi, Muhammad Abu Likailik, ɗan ƙabilar Hamaj ta kudancin Jazira, ya haɗa kan mayaƙan ya ci nasara. Ya daɗe a can da runduna mai yi masa biyayya, nesa da idon fada, tare da wasu manyan Funj da labarin ƙwace dukiyarsu ke iso musu daga gida.

Juyin 1762

Waɗannan manyan ne suka nemi Abu Likailik ya ja su zuwa Sinnar. A 1762 ya ƙetare Farin Nilu a Alais, inda garin Kawa yake yanzu. Nasir, ɗan sarkin na cikinsa, ya bi sahun masu tawaye. Badi ya duba bai ga mai tsaya masa ba, aka tuɓe shi ya fita gudun hijira, aka naɗa Nasir.

Manyan Funj sun zaci sun dawo da tsohon tsari, ashe sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago. Abu Likailik ya riƙe waziranci da runduna, ya kawar da da yawa daga cikin waɗanda suka gayyato shi. A 1769 ya tuɓe Nasir, aka kashe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Isma'il. Bayan rasuwar Abu Likailik, waziranci ya zama gādon gidansa, 'ya'yansa da 'ya'yan ɗan'uwansa suka shiga kashe juna a kansa. Adlan na Biyu ya yunƙura a shekarun 1780 don ƙwato ikon sarauta, ya samu galaba ta ɗan lokaci, amma bai ɗore ba. Bayansa aka yi ta naɗa sarakuna ana tuɓewa.

Ƙarshen daula

Yayin da fada ke rigima, gefen ƙasa na zamewa. Shaikiyya na arewa sun riga sun ɓalle tun ƙarni na 17, Kordofan ta faɗa hannun Darfur, sarakunan Shandi da Abdallab suka koma cin gashin kansu. A 1820 Muhammad Ali Fasha na Masar ya turo ɗansa Isma'il da bindigogi da igwa. Waziri na ƙarshe, Muhammad ɗan Adlan, ya fara shirin tarar yaƙi, sai ɗan'uwansa Hasan ɗan Rajab ya kashe shi. A watan Yuni 1821 sarki Badi ɗan Tabl ya miƙa wuya, Isma'il ya shiga Sinnar ba tare da yaƙi ba.

Halin sarki kaɗai ne?

Masanin tarihi Jay Spaulding ya nuna cewa tun kafin 1762 tushen daular ya fara motsi. Kuɗin azurfa na waje sun yaɗu a kasuwanni, fatake sun samu hanyar ciniki ba ta hannun sarki ba, malamai da shehunan ɗariƙa sun mallaki filaye da mabiya. Sarki mai dabara zai iya jawo waɗannan sababbin masu ƙarfi a jiki. Badi ya ɓata da tsofaffin manya bai kuma samu sababbin ba.

Mai karatun tarihin ƙasar Hausa zai ga kama. Yunfa na Gobir ya hau mulki ya tarar da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta riga ta yi ƙarfi, ya zaɓi takura mata, aka ci rundunarsa a Tabkin Kwatto a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Bambancin shi ne, masu jihadi sun zo da sabon tsarin mulki da suka kafa a Sakkwato, su kuwa Hamaj sun riƙe tsohon tsarin sun bar sarki a matsayin hoto. Shi ya sa juyinsu bai haifi sabuwar daula ba.

Kufan tsohuwar Sinnar na nan arewa da garin yanzu. Kudu da shi kaɗan akwai Maiwurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya zauna da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903.