Hukumar ICSA a Kaduna, 1968 zuwa 1976: Tarihin Riƙon Dukiyar da Ba Ta Rabuwa

Ran 27 ga watan Mayu, 1967, Laftanar-Kanar Yakubu Gowon ya ba da sanarwar raba Nijeriya jihohi 12. Shida daga cikinsu an yanko su ne daga tsohuwar Jihar Arewa, watau Arewa maso Yamma, da Arewa ta Tsakiya, da Kano, da Arewa maso Gabas, da Binuwai-Filato, da kuma wadda daga baya aka sa wa suna Kwara. Yankin da ake mulka daga Kaduna tun shekarar 1917, lokacin da Turawa suka taso da hedkwata daga Zungeru, sai ga shi dare ɗaya ya zama gidaje shida, kowanne da gwamnansa na soja.

Raba ƙasa a kan taswira bai yi wuya ba, domin iyakokin larduna aka bi. Ma'aikata ma an san yadda za a yi da su: galibi an duba lardin da mutum ya fito, aka tura shi can, har zuwa ran 1 ga Afrilu, 1968, da sababbin jihohin suka kama aiki sosai. Motoci da kujeru da na'urorin buga rubutu duk ana iya ƙidaya su a kasa shida. Inda gizo ya yi saƙa shi ne wajen abubuwan da rabawa ke kashe su. Malaman gado sun daɗe da sanin wannan matsala, gama ana raba gona a kafa iyaka, amma rijiya ɗaya da ke tsakar gida ba a tsaga ta, sai dai magada su shirya yadda za su riƙa ɗiba, da wanda zai yashe ta idan ta cushe.

Irin waɗannan rijiyoyi kuwa Gwamnatin Sardauna ta bar su da yawa, mafi yawansu a Kaduna, arewa da kogi. Akwai gidan rediyo da talabijin da aka buɗe a 1962, wanda jama'a suka fi sani da Rediyon Kaduna. Akwai kamfanin jaridar New Nigerian a kan titin Ahmadu Bello, wadda ta fara fita ran 1 ga Janairu, 1966, mako biyu kafin a kashe Firimiya, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo tana ƙarƙashinsa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga hukumar raya ƙasa da ta zuba jari a masaƙu da otal-otal, ga Bankin Arewa, ga hukumar cinikin amfanin gona mai sayen gyaɗa da auduga. Can Zariya kuma ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a watan Oktoba, 1962. Babu jiha ɗaya da ke da ƙarfin ɗaukar waɗannan ita kaɗai, babu kuma wadda za ta yarda a bar wa maƙwabciyarta don kawai ginin yana cikin ƙasarta.

Dabarar da aka yi ita ce kafa hukuma guda a 1968, da hedkwata a Kaduna, ta riƙe waɗannan ayyuka da sunan jihohin shida. Ita ce ake kira ICSA, ma'anar sunan kuwa shi ne hukumar riƙon ƙwarya ta ayyukan haɗin gwiwa. Bayan yaƙin basasa an kafa makamanciyarta domin jihohin da suka fito daga tsohuwar Jihar Gabas, sai dai waccan aikinta ya fi karkata ga lissafin kadarori da basussuka.

Ya kamata a tsaya a kan kalmar nan ta riƙon ƙwarya, domin a cikinta ciwon hukumar yake. Wanda aka ba riƙo ba ya sare itace, ba ya kuma dasa sabo; jira yake yi mai abu ya zo. To, ga hukuma an ɗora mata jami'a da ke buƙatar shirin shekara ashirin, da gidan rediyo da na'urorinsa ke tsufa, alhali sunanta kansa yana shaida wa kowa cewa ba za ta daɗe ba. Kuma ba ta da majalisa ko talakawan da take karɓar haraji a hannunsu. Iyayen gidanta gwamnoni shida ne, mafi yawansu suna da sababbin hedkwatoci da ba su da isassun ofisoshi da gidajen ma'aikata, ga yaƙi yana cin kuɗin ƙasa har zuwa Janairun 1970. Gwamnan da zai zaɓa tsakanin gina sakatariya a Sakkwato ko Maiduguri da aika kuɗi Kaduna don gyaran abin da jihohi biyar za su mora tare da shi, ba sai an yi duba ba kafin a san inda zuciyarsa za ta karkata.

Duk da haka bai dace a raina abin da ICSA ta yi ba. A hannunta Jami'ar Ahmadu Bello ta ci gaba da bunƙasa tana ɗaukar ɗalibai daga dukkan jihohin, aka kuma kafa Gidan Arewa a 1970, a tsohon gidan Sardauna da ke titin Rabah, domin adana takardu da binciken tarihi, ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Rediyon Kaduna bai daina aiki ba saboda rabon jihohi, kuma a kan gajeren zango ana jin sa a Maraɗi da Damagaram da zangunan Hausawa na Gana da Kamaru. Watau tun a wancan zamani aikin da jihohi shida ke biya yana amfanar mutanen da ba su cikin lissafin kowa.

Ɓarakar ta fito ne ta hanyar da ba a yi tsammani ba. Jihohin ne suka shiga gina nasu a gefe. Binuwai-Filato, ƙarƙashin Joseph Gomwalk, ita ta fi nuna haka a fili, domin mutanenta da dama suna ganin muryar Kaduna muryar tsohon tsari ce da suka daɗe suna neman fita daga ƙarƙashinsa. A 1971 aka buɗe reshen jami'a a Jos, kuma na Jami'ar Ibadan ne, ba na Zariya ba. A 1972 jihar ta kafa jaridarta, Nigeria Standard, sa'an nan ta buɗe gidan talabijin nata. Kwara ma ta fito da Nigerian Herald a 1973. Duk jihar da ta mallaki jaridarta da gidan watsa labarunta, me zai sa ta ɗoki biyan kasonta na waɗanda ke Kaduna? Ba a iya kiran wannan cin amana. Jihohin an ƙirƙire su ne domin kowace ta tsaya da ƙafafunta, ita kuwa hukumar an kafa ta domin su ci gaba da cin tuwo a akushi ɗaya, kuma ba a taɓa zama an daidaita waɗannan manufofi biyu ba.

Da Janar Murtala Muhammed ya hau mulki a watan Yuli, 1975, ga kuɗin man fetur ya cika baitulmalin Tarayya, sai aka yanke igiyar gaba ɗaya. Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar, ta karɓi New Nigerian a shekarar, ta kuma karɓi gidan rediyo da talabijin, wanda daga bisani aka raba: talabijin ya shiga hukumar NTA a 1977, rediyo ya shiga FRCN a 1978. Hukumomin cinikin amfanin gona na jihohi aka maye gurbinsu da na ƙasa a 1977. Ran 3 ga Fabrairu, 1976, jihohin Arewa suka zama 10, kuma a wannan shekara ICSA ta naɗe tabarmarta.

Abin da ya biyo baya ya fi tarihin hukumar kanta ba da haske. Abubuwan da suka koma hannun mai gida ɗaya sun rayu, ko da yake waɗanda suka gina su sun rasa ta cewa a kansu. Waɗanda aka bar wa jihohi su riƙe tare kuwa sun sha wuya, domin masu su sai ƙaruwa suke yi: 11 a 1987, 16 a 1991, 19 a 1996, kuma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta zauna a hannun jihohi har 1991, sa'ad da Tarayya ta karɓe ta. Masaƙar Kaduna da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank a 2006, bayan Babban Banki ya ɗaga jarin bankuna zuwa Naira biliyan 25. New Nigerian ce ta fi ban tausayi: an mayar wa jihohi 19 ita a 2006, ba a yi shekara goma ba injunanta suka tsaya, ma'aikata da 'yan fansho suna bin bashi. Wanda ya tsira a hannun jihohin shi ne kamfanin raya ƙasa na NNDC, wanda tun 1968 aka mai da shi kamfani mai neman ribarsa da kansa, ba mai jiran gwamnoni su tuna da shi a kasafin kuɗi ba.

Ba Arewa kaɗai ta ga irin wannan ba. Kenya da Uganda da Tanzaniya sun gaji jirgin ƙasa da gidan waya da kamfanin jirgin sama guda daga Turawa, suka riƙe tare, har ƙungiyarsu ta wargaje a 1977, aka yi shekaru ana jayayya a kan kadarorin.

Rijiyoyin wannan zamani ba a ganin su da ido. Rumbunan bayanai ne da manhajojin kwamfuta da ke tabbatar da ko wane ne mutum a bakin iyaka, ko su sanar da jami'in kwastan cewa motar kaya ta taso daga tashar jirgin ruwa kaza. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da katin shaida mai ɗauke da hoton yatsa a 2014, ta kuma ƙaddamar da tsarin SIGMAT a 2019 domin hukumomin kwastan su riƙa musayar bayanan kayan da ke ratsa ƙasashe. Ana iya cewa waɗannan sun fi injin buga jarida sauƙin rabo, tun da bayanai ana kwafe su kowa ya tafi da nasa. Amma amfaninsu duka yana cikin kasancewar kowa ya yarda da rajista ɗaya da ƙa'ida ɗaya; ran da aka kwafe aka rabu, kowane kwafi zai kama hanyarsa, katin wannan ƙasa ya daina karantuwa a na'urar waccan. Bugu da ƙari, gini yakan yi shekaru ba a gyara ba yana tsaye, manhaja kuwa idan aka daina biyan masu kula da ita, ɓarayin intanet ba sa jira.

Estoniya da Finlan sun bi wata hanya da ta saɓa wa ta ICSA. A 2017 suka kafa cibiya ta dindindin domin kula da manhajar X-Road, wadda hukumominsu ke musayar bayanai da ita, Aislan kuma ta shigo a 2021. Ƙasashen suna biyan kuɗin zama mambobi, asalin rubutun manhajar a buɗe yake ga kowa, kuma kowace ƙasa tana riƙe da bayanan mutanenta a gida. Abin da aka haɗa kaɗan ne, an kuma fayyace mai biyansa tun daga ranar farko.

A nan kusa, gwajin ya zo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, ba a janye matakan ba sai a farkon 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ran 29 ga Janairu, 2025, suka kuma fito da fasfo nasu na ƙawancen Sahel. A ranar ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katunan shaida masu tambarinta daga mutanen ƙasashen uku, su kuma bar su su yi zirga-zirga ba tare da biza ba, har sai an ba da wata sanarwa. Ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Kaduna ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, da takardar riƙon ƙwarya ya ƙetare iyaka a 2025.